'Yar Roba Mai Shuɗin Zane

Hulda tana tsugune a bakin famfo tana wanke acca, sai ta ji an ƙwala mata kira daga falo.

"Hulda Zamani! Ajiye abin nan ki zo."

Tun rasuwar Baba, shekara huɗu ke nan, Mama Afiniki ba ta haɗa sunanta da na ubanta sai in magana ta ɓaci. Ta ɗauraye hannu, ta goge a zanenta, ta shiga.

Dickson ne zaune a kujerar Baba, ya ɗora ƙafa kan ƙafa, makullin mota a kan gwiwarsa. Dillalin citta ne daga Kachia, mai manyan sito uku da bakin da ba ya gajiya da ambaton su. Shekara biyu yana neman aurenta. Sau uku tana ce masa a'a cikin ladabi, sau uku yana dawowa ta wajen Mama da buhun shinkafa da "ina kwana, Mamana".

"Ina kwana, Buroda Dickson."

"Lafiya, Sista Hulda," ya amsa da muryar mai jaje.

Mama ba ta ce mata ta zauna ba. Wayar Dickson ce a hannunta, ta miƙo ta har kusa da hancin Hulda.

"Wace ce wannan?"

Hoton wata 'yar mitsitsiyar mace ce ta roba, tsawonta bai kai gaɓar yatsa ba. Shuɗin zane gare ta, da farin ɗankwali, da jaka a kafaɗa, tana tsaye a bakin layin dogo kamar mai jiran jirgi.

Hulda ta gane ta nan take. Kowace Asabar da ƙarfe biyu, su tara suke haɗuwa a wani tsohon sito da ke bayan gidan Mista Francis, malamin zane mai ritaya. Kulob ne na masu haɗa ƙananan jirage da motoci na roba. Sukan yi odar kwalaye daga Legas, su yanko gutsattsarin da reza, su goge, su manna da gam, su yi fenti, har abu ya fito kamar na gaske. Bana kuwa babban aiki suka ɗauko: tashar jirgin ƙasa ta Kafanchan yadda take a zamanin da jirage ke kai da komo, komai an rage shi sau tamanin da bakwai.

Neman abin da za ta nuna wa ɗalibanta a darasin awo ne ya fara kai Hulda wurin. A can ta tarar da Azariya, mai gyaran waya da rediyo, ya duƙufa kan wani kan jirgi da hantsaki a hannu, ko ɗagowa bai yi ba sai da ya gama manna ƙafa ta ƙarshe. Shekara biyu ke nan, ba ta taɓa fashin Asabar ba.

Makon jiya kuma Dickson ya je musu baƙunta. Ya ce yana so ya tallafa wa kulob, ya yi hannu da Azariya, ya yi ta ɗaukar hotuna yana yabo.

"Ni ce, Mama," in ji Hulda. "Fasinja ce a tashar da muke ginawa. Su arba'in ne, kowa ya zaɓi tasa."

"Kin ji da kunnenki, Mamana," in ji Dickson, ya girgiza kai. "Na kai hoton wajen wata mai addu'a a Godogodo. Tana gani ta yi ihu. Ta ce in namiji ya yi siffar mace ya manne ƙafarta da gam a wuri ɗaya, shi ke nan, ba ta ƙara ganin wani namiji da ido."

Dariya ta kuɓuce wa Hulda. Amma da ta dubi Mama, sai dariyar ta yanke. Hawaye ne ke bin kuncin tsohuwar.

"Dariya kike yi? Ni ina kwana ina juyi, ke kina dariya?"

"Mama, don Allah..."

"Shekara ashirin da takwas, Hulda! Kina da digiri, kina da aiki. Ni ce shugabar Zumuntar Mata a coci, ina tsayawa gaban mata ɗari ina yi musu magana kan gida da tarbiyya, suna ƙyafta wa juna ido. Ga mutum da mota da sito ya biyo ki har gida, kin ce ba ki so. Sai ƙato da gemu, da ke zama yana manna roba kamar ɗan firamare! Na daɗe ina tambayar Ubangiji me ya sami 'yata. Yau na samu amsa."

Hulda ta durƙusa a gabanta, ta kama gefen zanenta.

"Mama, ki dube ni. Ni na yi wa abin nan fenti. Da hannuna. Kwana uku ina fama da ɗankwalin saboda burushin ya fi kan girma. Ni na ɗiga gam, ni na tsayar da ita. Azariya ko taɓa ta bai yi ba."

"Yesu!" Mama ta dafe ƙirji. "Ashe abin ya kai har ya sa ki ɗaure kanki da hannunki!"

Nan Hulda ta san babu kalmar da za ta shiga. Ta saki zanen, ta miƙe tsaye.

"Ƙarfe biyu kuke haɗuwa, ko?" in ji Mama tana share ido. "Yau da ni za a yi. Dickson zai kai mu. Zan ciro abin nan in ƙone shi a gabanki, ki dawo hankalinki."

"Ba sai an kai ni ba, Mama. Can za ni dama. Sai kun iso."

Ta shiga ɗaki ta sauya kaya. Da gangan ta ɗauro shuɗin zanen, ta ɗaura farin ɗankwalin, ta ratsa falo ta gabansu ta fita ta tare ɗan acaɓa.

Hadari ya haɗo ta wajen Kagoro lokacin da ta isa. Ƙarfe ɗaya da rabi ne, Azariya kaɗai ne a siton, yana goge rufin wani tarago. Yana ganin fuskarta ya ajiye aikin.

"Me ya faru?"

Ta gaya masa komai, tsaye, ba ta rage ko kalma ba. Yayyafi ya fara sauka a kan kwano. Azariya ya miƙa hannu ya ɗauki reza, ya nufi teburin tashar.

"Me za ka yi?"

"Zan cire ta. In Mama ta zo in ba ta da hannu biyu, in ba ta haƙuri."

"Kar ka kuskura."

"Hulda, roba ce fa. Waccan kuwa uwarki ce."

"Haƙurin me za ka ba ta? Me ka yi? Kana cirewa ka amsa laifi ke nan. Gobe duk coci za a ce Azariya ya yi wa 'yar Zamani asiri, an kama shi, ya tuba."

Ya zauna a kan benci, rezar na hannunsa. Idonsa ya kaɗa ya yi ja.

"To ki gaya mini yadda zan yi. Ba ni da mota, ba ni da sito. Shago ɗaya gare ni da hannuwan nan biyu. In wannan aikin ne ya tsaya wa Mama a rai, zan bari. Zan raba kwalayena, in daina zuwa Asabar, in zama irin mijin da ba za ta ji kunyar nunawa ba. Ba zan iya ganin ana raba ki da gidanku saboda ni ba."

Hawayen da ta hana fita a gaban Dickson suka ɓalle mata.

"Kai ma? Kai ma za ka ce wasan yara ne?"

"Ban ce ba."

"Ka san me na gani ranar da na fara shigowa nan? Mutumin da zai yi wata uku a kan abu ɗaya, ya ɓata, ya kankare, ya sake, ba wanda zai biya shi, ba wanda ya sa shi. Na ce a raina, wanda ya iya haƙuri da ƙafar jirgi mai girman ƙwayar gero zai iya haƙuri da mace. Shi nake so. In ka ajiye shi don tsoron bakin mutane, wa ka bar mini in aura?"

Azariya ya daɗe yana kallon ta. Ya ajiye rezar a kan tebur, ya tura ta nesa.

"To. Ina nan tsaye. Duk abin da za a faɗa, a faɗa a gabana."

'Yan kulob suka fara shigowa suna kakkaɓe lema. Mista Francis ya ji labarin, ya cire tabarau ya goge, ya ce kowa ya zauna ya ci gaba da aikinsa. Doreen, mai shagon magani, ta matso kusa da Hulda ta riƙe mata hannu.

Biyu da kwata, mota ta tsaya a waje.

Mama Afiniki ta shigo da Littafi Mai Tsarki a hammata, Dickson na biye da ita yana riƙe mata lema. Mista Francis ya miƙe.

"Maraba, Mama Zumunta. Sannu da ruwa. Ga kujera."

"Ban zo zama ba, Malam. Da girmanka da furfurarka, a gidanka ake wannan?"

"A gidana ake yi, Mama. Zo ki gani da idonki."

Teburin ya kai tsawon ƙofa biyu. Ga ginin tashar da rufinsa mai tsatsar fenti, ga layuka sun rabu, ɗaya ya nufi Jos, ɗaya Kaduna, ɗaya kudu. Ga tankin ruwa a kan dogayen ƙafafu, ga masu tallar rake da lemo, kowa bai fi ƙwayar wake ba.

Azariya ya durƙusa har ƙasa.

"Sannu da zuwa, Mama."

Ko inda yake ba ta kalla ba.

"Ga ta can!" in ji Dickson. Ya miƙa hannu ta saman teburin. Hannun babbar rigarsa ya kwashi tankin ruwan, ƙafafun suka karye, ya faɗi kan layi ya rabe biyu. Doreen ta yi ƙara. Wata biyu ta yi tana haɗa shi.

Hulda ta buge hannunsa, har sai da aka ji tas.

"Ba da hannunka ba! Ka shigo nan makon jiya, an ba ka kujera, an ba ka ruwa, ka yi hannu da mutane kana murmushi. Ba ka da izinin taɓa komai a teburin nan." Ta juya ga uwarta, ta sassauta murya. "Mama, ke ki ɗauka. Ni na yi ta, ke kika yi ni. Kina da iko."

Mama ta sa yatsu biyu ta fizgo 'yar robar. Gam ɗin ya riƙe, ƙafafun suka tsaya a kan dandamali, sauran jikin ya biyo hannunta. Ta nufi bakin ƙofa, ta ɗora ta a kan murfin gwangwanin fenti, ta ƙyasta ashana.

Abin bai ɗauki numfashi biyu ba. Wuta ta lashe, baƙin hayaƙi mai wari ya tashi, sai ɗan ɗigon baƙi ya rage a kan murfin. Mama ta ɗaga Littafi sama, ta rufe ido, ta yi addu'a mai tsawo tana kuka, tana tsinke kowace igiya da sunan Yesu. Ba wanda ya motsa. Da ta ce amin, Hulda ta fi kowa ɗaga murya wajen amsawa.

Mama ta buɗe ido, ta kama kafaɗun 'yarta, ta juya ta wajen Azariya da ke durƙushe har yanzu.

"Yanzu dube shi. Dube shi da kyau, ki gaya mini abin da kika gani."

Hulda ta dube shi. Gam ya bushe a yatsunsa, ga ɗigon jan fenti a gefen kunnensa.

"Na ga Azariya, Mama. Na ga mijin da zan aura."



"Abin ya yi ƙarfi, Mamana," in ji Dickson da sauri. "Sai an kai ta ta yi kwana bakwai a wajen mai addu'ar. Ni zan..."

"Buroda Dickson," Hulda ta katse shi. "Tun kafin a sayo kwalin da 'yar robar nan ta fito na ce maka a'a. Wa ya ɗaure ni a lokacin? Na ce maka a ƙofar coci, na ce maka a motarka, na ce maka a gaban ƙanwarka. Ka kasa yarda mace za ta dubi sitonka uku ta ce ba ta so, shi ya sa ka je neman asiri a cikin roba. To ga na huɗu, a gaban shaidu tara: ba na son ka. Ko Azariya ya bar garin nan gobe, ba zan aure ka ba."

Wani daga baya ya yi tari don ya ɓoye dariya.

Mama ta juyo wajen 'yarta.

"Ni kika kunyata a gaban mutane, Hulda?"

"Ban kunyata ki ba, Mama. Kin ce in faɗi abin da na gani."

"To ki ji. Ga mota can. In kin shiga, ke 'yata ce. In kin tsaya a nan, kar in ga ƙafarki a gidana."

Hulda ta durƙusa, hawaye na zuba, amma muryarta ba ta yi rawa ba.

"Ni 'yarki ce ko na shiga ko ban shiga ba. Amma motar mutumin nan, ba zan ƙara shiga ba har abada."

Mama ta juya ta fita cikin ruwa, ba ta jira lema ba.

Bayan motar ta tafi, Hulda ta share fuska, ta jawo kujera, ta tattara gutsattsarin tankin a gabanta. Ita ta riƙe ƙafafun, Doreen na ɗiga gam, Azariya na daidaitawa da hantsaki. Sai ƙarfe huɗu da rabi tankin ya sake tsayawa, da ɗan karkata.

"Ki zo gidana," in ji Doreen. "Akwai ɗaki. Ki bari ta huce."

"In na kwana a waje yau, gobe za a ce gidan Azariya na kwana. Gidan ubana za ni."

"Bari in raka ki," in ji Azariya.

"A'a. Wannan tsakanina da Mama ne. Kai dai kar ka kashe wayarka."

Ruwa ya ɗauke lokacin da ta sauka a ƙofar gida. Get ɗin a rufe yake ta ciki. Akwatinta na nan a waje an jingine da bango, an ɗora jakar littattafan makaranta a kai, an rufe su da buhun leda don kar su jiƙe.

Ta ƙwanƙwasa sau uku. Shiru.

Sai ta jawo akwatin zuwa tsakiyar ƙofar, ta zauna a kai, ta gyara ɗankwali, ta harɗe hannu.

Layinsu ne hanyar coci, kuma ƙarfe biyar na Asabar matan Zumunta ke zuwa koyon waƙa. Ba a jima ba suka fara ɓullowa biyu-biyu, da tulunan kiɗa a kai. Hulda ta riga kowa gaisuwa, da murya a sake.

"Sannunku, iyayena! Ina wuni, Mama Rachael?"

Mama Rachael, ma'ajin Zumunta, ta ja birki.

"Malama Hulda? Lafiya kike zaune a kan akwati? Tafiya za ki?"

"Ba inda za ni, Mama. An rufe mini ƙofa ne, ina jira a buɗe."

"Laifin me?"

"Na faɗi wanda nake so in aura."

Kafin minti goma mata sun kai goma sha biyar a ƙofar. Wasu na cewa ta ba uwarta haƙuri, wasu na tambaya wane ne yaron, wata ta ce ai Azariya ne ya gyara mata rediyo bai karɓi ko sisi ba. Hulda ta ga labulen taga ya motsa.

Sakata ta yi ƙara. Mama ta buɗe get kaɗan, idonta a kumbure, ta yi wa matan murmushin dole.

"Ku je, ina zuwa. Magana ce ta gida." Ta rage murya. "Ke kuma shigo, kin ishe ni da tonon asiri."

Hulda ba ta tashi ba.

"Zan shigo, Mama. Amma sau biyu mutanen Azariya suna aiko a ba su rana, kina cewa ba ki nan. Ki sa musu rana, yanzu, iyayena na ji. In ba haka ba a nan zan zauna har a fito sujada gobe."

Matan suka dubi Mama. Mama ta dubi 'yarta, ta daɗe, kamar yau ta fara ganin ta.

"Lahadi ta sama, bayan sujada," ta ce a ƙarshe. "Ban ce na yarda ba. Na ce su zo."

Mama Rachael ta yi guɗa, sauran suka ja ta suka wuce suna waiwaye. Hulda ta miƙe, ta ɗauki akwatin. Tana sa ƙafa ɗaya a cikin gida, Mama ta riƙe mata hannu, riƙo mai zafi.

"Ki gaya masa kar ya kwaso mini kawunai da dattawan coci. Uwarsa nake so. Ya je Kwoi ya zo mini da Tamar."

Akwatin ya kusa suɓucewa daga hannun Hulda. Ba ta taɓa ambaton sunan mahaifiyar Azariya a gidan nan ba, ko sau ɗaya.

"Mama... a ina kika san sunanta?"

"Na san sunanta tun ba a haife ki ba." Muryar Mama ta bushe, babu sauran kuka a ciki. "Shekara talatin da ɗaya tana zagaye Kafanchan don kar mu haɗu. In tana da fuskar da za ta dubi idona ta roƙi 'yata, to ta zo."

Ta saki hannun, ta shige ciki.

Hulda ta tsaya a bakin get, ƙafa ɗaya ciki, ɗaya waje. Sai yanzu ta gane ba da roba take faɗa ba, ba kuma da Dickson ba, da wata tsohuwar gaba ce tsakanin Mama da Tamar. Ta gyara riƙon akwatin, ta shige ciki, ta tura get ɗin da ƙafa ya rufe, ta ɗaga murya yadda za a ji ta har ɗaki.

"Za ta zo, Mama. Ko ni ce zan je Kwoi in ɗauko ta, za ta zo."